Fentin Da Ya Biyo Leda

SHAFI NA 27

Masu cewa na yi shiru da yawa, kuna da gaskiya. Wannan shafin ne ya ƙi rubutuwa da wuri. Ga shi nan.

*

Leda ba a fizgarta.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Mai Leda yana aiki ya ji wannan maganar daga bakinsa. Sai ka hura mata zafi ta yi laushi, ka kama bakinta da yatsu, ka riƙa janta a kwance, sannu a hankali, kamar mai cire filasta daga ciwon yaro.

Haka yake yi wa motar Babansa tun da safe. Shi da kansa ya lulluɓe ta da ledar kariya, mai haske kamar gilashi, shekarar da ya buɗe shago, don kada tsakuwa ko ƙarce su taɓa fentin. To, rana ta ci ledar har ta koma ruwan ɗorawa. Jiya Inna ta kira shi, ta ce ya zo ya ɗauki motar idan tsohon ya fita aski, ya sake mata sabuwa. A ba shi mamaki, in ji ta.

Ya gama da bonet. Farin fentin ya fito tas, sai ka ce yau aka sayo motar.

Dogo mai fenti, wanda bango ɗaya ya raba shagunansu, ya leƙo da kofin shayi a hannu.

"Kai, mutumina! Motar nan ta fi ni jin daɗin duniya. Ni ko riga ba a taɓa saya min don kada rana ta taɓa ni ba."

"Wace riga ce za ta ishe ka? Sai dai a ɗinka maka da tamfol."

Fasinja ta ƙyalƙyale da dariya. Tana zaune a kan tsohuwar taya a bakin shagon, sandarta ta ƙarfe jingine da bango. 'Yarsa ke nan guda ɗaya, ko haƙoran gaba ba ta gama sakewa ba. Kakanta ne ya laƙaba mata wannan suna, don tun tana rarrafe motar ba ta fita sai da ita. Tun ranar da aka ce wani mai babur ya buge ta a ƙofar gidan kakanninta ya gudu, ƙafarta ta hagu ba ta sake takawa daidai ba.

"Kawu Dogo, in ka tsaya a rana ni sai in zauna a inuwarka."

"Ka ji ta ko? Duk gidanku baki ne da ku."

Mai Leda ya yi murmushi, ya zagayo gefen dama na gaba, saman taya. Ya durƙusa yana neman bakin ledar da farce.

Sai murmushin ya tsaya.

Shi ba ya yanke leda a kan fuskar ƙarfe. Yakan bar ɗan baki, ya naɗe shi ciki ta ƙarƙashi, yadda ko da yatsa ka bi ba za ka san inda ta ƙare ba. Wannan kuwa da reza aka bi ta, a karkace, a gaggauce.

"Dogo."

"Na'am."

"Wannan ba hannuna ba ne."

"Kai dai ka manta. Lokacin ai kana koyo."

"Ko ina koyo ban taɓa sa reza a jikin motar Baba ba."

Ya kuma lura ledar wurin ba ta koma ruwan ɗorawa kamar sauran ba. Ta fi su sabunta nesa ba kusa ba. Ya hura mata zafi, ya kama baki, ya ja a hankali kamar kullum.

Ta taso. Amma ba ita kaɗai ba.

Fentin ya biyo ta, ɓawo guda, yana ƙaras-ƙaras kamar ɓawon ƙwai. Abin da ya rage a jikin motar toka-toka ne, busasshe, mai faɗin tafin hannu biyu.

Dogo ya ajiye kofinsa a ƙasa. Ya matso ya ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa. Ƙarar ba ta ƙarfe ba ce.

"Ciko ne," ya ce. "An lotsa nan, an bubbuge, an cike."

"Na gani."

"Fentin kamfani ba ya bin leda, kai ma ka sani. Wannan an fesa shi ne, ba a bar shi ya sha iska ya bushe har ciki ba, aka rufe shi da ɗanyensa. Wanda ya yi aikin nan, tsaye aka yi a kansa ana cewa yi sauri."

Mai Leda ya sa hannu ya shafa wurin. Baba direban manyan motoci ne tun yana saurayi har furfura ta rufe masa kai, kuma abin da yake tinƙaho da shi a duniya guda ɗaya ne: ko kaza bai taɓa takawa ba. Da ko madubi aka goge masa, nan shagon zai fara kawowa yana faɗa. Me zai sa ya kai motar wani wuri a ɓoye, har a sake manna leda don kada idon ɗansa ya kama?

"Abba."

Ya waiwaya. Fasinja ta miƙe ba tare da sanda ba, ta dafa bango. Dariyar ta ɓace daga fuskarta gaba ɗaya.

"Abba, mayar da ita."

"Me zan mayar?"

"Ledar. Ka manna ta yadda take. Don Allah."

"Ba ta komawa, uwata. In ta taso ta taso ke nan."

Ba ta yi kuka ba. Ta dai zuba wa tabon ido.

Shi kuma ya dubi tabon, ya dubi tsayinsa daga ƙasa, ya dubi ƙafar 'yarsa.

Ya naɗe ledar da fentin a jikinta, ya cusa a aljihu.

"Dogo, riƙe min yarinyar. Yanzu zan dawo."

"Ina za ka da wannan fuskar?"

Bai tsaya ba.

*

Bai shiga gidan kai tsaye ba. Ya tsaya a bakin get, ya durƙusa gaban ginshiƙin dama. Sau nawa ya wuce ta nan bai duba ba? An yi wa kusurwar facin siminti, an shafe da fenti mai ɗan bambanci da na sauran bangon. Ya auna da gwiwarsa. Daidai tsayin tabon motar.

Inna tana zaune a baranda tana ninke wanki. Ta ɗago ta gan shi, ta ga ba da mota ya zo ba. Ba ta ce sannu da zuwa ba. Ta ajiye rigar da ke hannunta a cinya, ta jira.

Ya gaishe ta, don bakinsa ya saba. Sannan ya zaro ledar ya shimfiɗa a kan tabarma, gefen fentin yana sama.

"Inna, mene ne wannan?"

"Kai ne mai sana'ar. Kai za ka gaya min."

"Ba babur ba ne."

Ta kawar da kai.

"Inna, ki dube ni. Ba babur ba ne ya buge ta, ko?"

"Na yi rantsuwa ba zan faɗa da bakina ba."

"Wa ya rantsar da ke?"

"Ni na rantsar da kaina, ranar da na ga Babanku yana kuka kamar jariri. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da uwarsa ta rasu."

Ya zauna a dandamali, ƙasa da ita.

"To me ya sa kika ce in zo in cire ledar?"

"Mutumin da ya yi aikin ya gaya mana. Ya ce, Baba, ka bari fentin ya huta tukuna, in na rufe shi yanzu, duk ranar da aka ɗaga ledar zai biyo ta. Babanku ya ce a rufe a haka. Ya ce in ka ga motar nan babu leda a gefe guda, daga bakin layi za ka gane." Ta share hanci da gefen mayafi. "Na rantse ba zan faɗa ba. Ban rantse zan hana ka gani ba."

"Yaya aka yi? Baba fa! Mutumin da yake juya tirela a lungun da keke ke shan wahala!"

"Ba ya gani."

"Wa?"

"Babanku. Idon dama ya tafi tun tuni. Na hagun ma abin da ke gabansa sak kawai yake gani, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Gefe da gefe duhu ne."

"Ƙarya ne... Astagfirullah, Inna, yi haƙuri. Amma ai yana tuƙi! Ko kwanan nan ya zo gidana da ke."

"Da ni. Ka taɓa ganinsa a mota ba ni, 'yan shekarun nan?"

Shi da ƙannensa har tsokanarsu suke yi. Soyayyar tsufa, suke cewa. Inna da a da ko kasuwa ba ta yarda ya kai ta, wai yana gudu, sai ga ta ta zama 'yar gaban mota, ko burodi zai sayo sai ta yafa mayafi ta bi shi.

"Ni ce idonsa," ta ce. "Ni da ko keke ban taɓa hawa ba. Ina zaune ina cewa, mai kura a dama. Yaro zai tsallaka. Rage. Rami a hagu. Tsaya, fitila ja ce. Hannunsa da ƙafarsa ba su manta komai ba, wallahi ko ruwa ka ɗora a kofi ba zai zube ba. Ido ne kawai babu. In muka dawo gida sai in kwanta, kaina kamar zai rabe."

"Ranar fa?"

"Ranar zazzaɓi ya kayar da ni. Ya ce zai je ya sayo min magani nan bakin titi. Na ce ya aiki wani. Ya ce shi da matarsa ba ta da lafiya sai ya nemi ɗan aike? Ya je lafiya, ya dawo lafiya. Yana shigowa get ita kuma ta ji ƙarar motar, ta fito da gudu ta gefen dama tana kiran Kaka, Kaka..."

Ta nuna ginshiƙin da haɓa.

"Tsakaninsa da motar."

Mai Leda ya dafe kansa da hannu biyu. Ya tuna yadda aka kira shi asibiti, ya tarar da Baba tsaye a jikin bango, babbar rigarsa duk jini. Ya tuna ya rungume shi yana cewa, Baba, Allah ya saka maka, kai ka ɗauko ta. Ya tuna an ce motar batir ya mutu, shi ya sa aka zo a tasi, shi ya sa aka rufe ta da tamfol kwana da kwanaki.

Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Sai kuka ce babur."

"Ba mu muka ce ba."

"Inna!"

"Kada ka ɗaga min murya, ɗan nan. Tuna da kyau. Wa ka tambaya?"

Ya tuna. Bai so ba, amma ya tuna. Ta farfaɗo, ya sunkuya a kanta, ya ce uwata, wa ya yi miki haka? Ta juya ido ta dubi bayansa, wajen ƙofa. Sannan ta ce, babur ne, Abba. Ya gudu.

"Babanku ya buɗe baki zai yi magana," in ji Inna. "Ina ganinsa. Yarinyar nan ta riga shi. Babu wanda ya koya mata, Allah shi ne shaida. Daga baya na tambaye ta, na ce ke, me ya sa kika faɗi haka? Ta ce, in Abba ya sani zai ƙwace motar Kaka, kuma Kaka ba shi da wani abin wasa."

Ya miƙe, ya je har bakin rijiyar tsakar gida, ya dawo.

"Yarinya ƙarama ta yi ƙarya don tausayi, ita wannan na gane. Ku fa? Manya biyu kuka tsaya kuna kallo ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta. Kullum sai na zaunar da ita ina tambaya, wace irin riga ya sa, babur ɗin wane launi ne. Tana ƙirƙiro min amsa! Tana kallon idona tana ƙirƙirowa, ni kuma ina jin kamar ina yi mata gata!"

"Na sani."

"Mai babur ɗin layin baya fa? Ta ce jan babur, na je na sami mai jan babur. A gaban 'ya'yansa na shaƙe shi, Inna. Na mare shi. Yana rantsuwa ina ƙara masa. Bawan Allah ya kwashe iyalinsa ya bar unguwar saboda kunya. Wannan alhakin a wuyan wa yake?"

"Babanku ya bi shi har inda ya koma. Ni na raka shi. Ya cire hula ya durƙusa a gabansa, ya gaya masa komai."

"Ya gaya wa bare, bai gaya min ba."

"Bare ba zai daina kiransa Baba ba, don dama ba ya kiransa."

Mai Leda ya sunkuyar da kai.

"Me mutumin ya ce?"

"Ya ɗaga shi. Ya ce, tsoho, kai na yafe maka, ƙaddara ce."

"Ni fa?"

"Bai ce komai a kanka ba."

Iska ta ɗaga ledar da ke kan tabarma. Inna ta sa ƙafa ta danne ta.

"Abin da ban gane ba," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "bayan duk wannan, ya sake riƙe sitiyari. Kuma kika sake shiga."

"Ya bari. Kana tsammanin bai bari ba? Ya rataye makulli a ƙusa, ya ce shi da mota har abada. Sai ya daina cin abinci. In na neme shi a ɗaki ban gan shi ba, sai in same shi cikin motar a kashe, hannu a kan sitiyari, yana kallon bango. Kai da kanka ka ce Baba ya rame, ka kawo masa maganin ƙarin jini."

"Na ɗauka damuwar jikarsa ce."

"Ita ce. Da kuma ta rashin tuƙi. Mutumin nan bai iya zama ba, bai iya hira a bakin titi ba, bai iya kiwon ko kaza ba. Tun yana yaro abu guda ya iya. Na dube shi na ga in na bar shi haka ba zai kai baɗi ba. Ni na ciro makullin da hannuna, na ce tashi ka kai ni gidan ƙanwata." Ta dube shi ido cikin ido. "Ka ce na yi laifi. Na yi. Na zaɓi mijina, na sa 'ya'yan mutane a hanya. Kullum in za mu fita sai na yi addu'a in wani abu zai faru ya faru a kaina."

"To me ya canja? Me ya sa yanzu?"

Ta ɗauki rigar da ke cinyarta, ta sake ninke ta ko da yake a ninke take.

"Shekaranjiya muna tafe, wata mata ta fito da goyo daga bayan wata babbar mota. Ban gan ta ba."

"Ba ki..."

"Ban gan ta ba, ɗan nan. Sai da ta yi ihu. Allah ya sa ƙafarsa ta fi idona sauri. Ni ma nawa idon ya fara hazo. Zare ma sai maƙwabciya ta zura min a allura." Hawayen da take riƙewa suka zubo. "Makafi biyu a mota ɗaya. Na gaya masa, ya ce gajiya ce, in sha magani. Ba zai ji daga bakina ba. Ni kuma ba zan iya sake rataye makullin nan ba, na ga abin da ya yi masa. Kai ne babba. Kai za ka karɓa."

"Ni?"

"Kai."

"Wato ni zan kashe shi ke nan."

"Ban ce haka ba."

"Haka ne mana! In na karɓa, ya zauna ya bushe a kujera, a ce ɗansa ne ya yi. In na bar masa, gobe ya taka 'yar wani, ni ne na sani na yi shiru. Kun ɓoye min lokacin da sanin zai yi amfani, sai yanzu da babu hanya mai kyau ko ɗaya kika miƙo min."

"Haka girma yake zuwa. Ba ya sallama."

Ya koma ya zauna. Ransa yana tafasa, amma ya rasa wanda zai ɗora wa. Ya nemi fushin da ya kwana da shi ya tashi da shi tun ranar asibiti, fushin da ya tanada wa wani mai babur marar fuska. Yanzu fuskar ta bayyana, kuma ita ce fuskar da ta koya masa ɗaure takalmi, ta ɗora shi a cinya ta ba shi sitiyari yana ɗan mitsitsi. Mutum zai iya ƙin wanda ya nakasa masa 'ya. Zai iya son ubansa. Yadda ake yin duka biyun a ƙirji ɗaya ne bai sani ba.

"Matata ta sani?"

"A'a."

"In ta ji, ba za ta sake bari yarinyar ta tako gidan nan ba."

"Na sani. Shi ma ya sani. Kana ganin motar ce kawai yake tsoron rasawa?"

Ya ɗauki ledar, ya juya ta. Ta waje sumul take, tana ƙyalli. Shi ya koya wa Baba cewa in dai da leda, fenti ba ya ganin wahala. Ashe tsohon ya riƙe karatun.

"Zan yi magana da shi," ya ce daga ƙarshe. "Amma ba a tsaye ba. In ya dawo daga askin, ki ba mu wuri. Kada ki ce masa komai. Motar kuma ta zauna a shago, zan ce aikin bai ƙare ba."

"Ka yi masa a hankali."

"Inna, ni ma ban san me zai fito daga bakina ba."

Ta dubi inuwar bango, ta ɗan yamutsa fuska.

"Ya ma daɗe. Aski ba ya kai shi haka."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Dogo ne. Ya ɗauka.

"Ina zuwa, Dogo, ka ƙara haƙuri. Ta dame ka ko?"

"Mai Leda, kana ina?" Muryar ba irin ta ɗazu ba ce. Yana haki.

"Ina gida. Lafiya?"

"Baba ya zo."

Ya miƙe tsaye.

"Ya zo ina?"

"Nan shago. Wai wanzamin ne ya ce masa ya ga ka wuce da motar da safe. Ya shigo bai yi wa kowa sallama ba. Ya je ya tsaya a gefen da ka ɓare, ya sa hannu yana shafa wurin. Ya daɗe yana shafawa. Na ce, Baba, ga kujera. Ya ce, ya gani ko? Na ce, ya gani. Ya ce, to."

"Ba shi wayar."

"Tsaya ka ji. Ka bar makulli a jiki, mutumina."

Inna ta riga ta tashi, wankin ya zube a ƙasa. Ta matso har kunnenta na taɓa wayar.

"Dogo, kada ka bari ya tayar da motar nan. Ka tsaya a gabanta! Ka ji ni? Ba ya gani!"

"Ba ya me?"

"Ba ya gani, na ce!"

Ya kasa kunne. Sai ƙarar titi.

"Inna lillahi... Ni ina na sani? Motarsa ce, ubanka ne, me zan ce masa? Na shiga in kashe injin feshi, kafin in fito ya juya ta ya hau babban titi."

"Wane gefe ya bi?"

"Gefen gada. Ba hanyar gida ba."

Mai Leda ya nufi get da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Sai ya ja ya tsaya cak, ya riƙe ginshiƙin.

"Fasinja. Ka riƙe min Fasinja, kada ta ga..."

"Abin da nake son gaya maka ke nan." Muryar Dogo ta karye. "Ga sandarta nan a ƙasa. Ita ta buɗe ƙofa da kanta ta shiga gaba. Ya ce ta sauka, ta ƙi. Da kunnena na ji tana ce masa, Kaka, kada ka ji tsoro, ni zan riƙa gaya maka hanya."